Gajimare Biyu a Tudun Shayi

A masaukinmu da ke kan tudun Munnar
gajimare ba baƙo ba ne.
Da asuba yakan shigo ta taga ba sallama,
ya jiƙa labule, ya kwanta kan tebur,
ya bar wa kofuna raɓa.
Shi ya sa da Sudheesh ya sauke jakarsa
ya ce, "Ku miƙa wa gajimare ragamar wayfai ɗinku,"
Baba Kuriakose ya yi dariya har ya ƙware:
"Wannan da ke ruɓar mana da katako?"

"Ba shi ba," in ji Sudheesh, yana goge tabarau.
"Wani ne can nesa, na'urori jere a wata ƙasa.
Ke Tresa, ko kina Kochi a layin asibiti,
wayarki za ta nuna miki ɗaki na tara ya yi shiru,
ki taɓa allo, ki gyara, ba sai kin hau dutse ba.
Sai dai kowace shekara akwai kuɗin lasisi.
Ranar da kuka fasa biya,
na'urorin nan goma sha huɗu na jikin silin
sun zama ado."

"Ɗayar hanyar fa?"

"Akwati ɗaya, baƙi, a ƙarƙashin matakala.
Saye ɗaya, ya zama naku.
Sunayen baƙinku ba za su tsallake ƙofa ba.
Amma in ya yi tari da tsakar dare
ni za ku kira,
kuma tsakanina da nan awa uku ne,
in ƙasa ba ta zaftaro kan hanya ba."

Baba ya buga sandarsa.
"Zanen aro ba ya rufe katara.
Injin niƙan da ubana ya saya yana nan yana juyi,
ba wanda ke aiko mana takardar haya."
Na ce, "Baba, injin niƙa ba ya neman sabuntawa,
ɓarayin yanzu kuwa ba sa haura katanga."

Kwana shida muna kai da komowa.
Na baje lissafi a bayan rasit ɗin kifi:
shekara uku, gajimare ya fi sauƙi;
shekara bakwai, akwati ya ci riba.
Alƙalami ya ƙi raba gardama.

A dare na bakwai ruwa ya kece.
Kebul ya yanke a wani kwari,
wata baƙuwa ta sauko da kwamfuta a ƙirji
tana tambaya da harshen da ban iya ba.
Muka zauna a kicin, kyandir ɗaya,
muna jin rufi yana amsa duka.
A nan na gane ba na'ura muke ja a kai ba.
Akwati yana son wanda zai kwana kusa da shi,
ya san ƙararsa, ya share masa ƙura.
Gajimare bai damu da inda kake ba,
ko Maskat ne, inda Jomon ke jirana
shekara ta huɗu kenan,
da ɗaki ɗaya da fanka mai kuka.

Baba ya sani.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gari ya waye, ganyen shayi na ɗiga,
mata masu tsinka sun fara gangara da kwanduna.
Ya turo mini takardun biyu,
ya ɗora yatsa kan ta nesan.
"Sa hannu a wannan.
Amma ki koya mini allon nan tukuna,
in san lokacin da kike leƙo mu."

Ban amsa ba. Biro ya ƙi rubutu, ya sha sanyi,
sai da na hura masa iska sau biyu.
Ta taga kuwa ɗayan ya shigo kamar kullum,
wanda ba ya karɓar ko sisi,
ya jiƙa gefen takardar.